Maus Ɗin Bahago

Bahaguwa aka haife ni, amma in ba manyan gidanmu ba, babu wanda ya san haka a Wudil. Da dama nake rubutu, da dama nake shara, da dama nake tuƙa tuwo, ko ƙuda ne ya sauka mini a goshi da dama nake korarsa. Wannan aikin Baba ne, kuma bai yi shi da wasa ba.

Ni ce 'yar fari. A gidanmu na Sabon Gari ana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In ina kusa ya ce "ke", in ina nesa ya ce "waccan". Lokacin da na fara riƙe fensir yana aikin ƙaramar hukuma, ƙarfinsa a jikinsa. Da ya dawo daga ofis zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya karɓi kallabin Inna, ya ɗaure mini hannun hagu a ƙugu, ya sa mini fensir a dama. In hannun ya zame ya kai wa littafi cafka, rula ce za ta sauka a bayan yatsuna. Kakarmu ta Dagumawa kuwa in ta zo, sai ta ƙara masa ƙaimi, wai babu namijin da zai ci tuwon bahaguwa. Na yi kuka har na gaji, daga baya hannun ya haƙura ya kwanta.

Da na girma na yi aure a unguwar, na buɗe ɗan shago kusa da jami'a, ina buga wa ɗalibai takardunsu a kwamfuta. Wuni nake yi hannuna na dama yana kan linzamin kwamfuta, abin nan da kowa ke kira maus. Nawa irin na gama-gari ne, ɗan baƙi, mara nauyi kamar fankon ashana, madanninsa sai ka danne shi da ƙarfi yake amsawa. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin miƙa aikinsu, wuyan hannuna kumbura yake yi. Sai in shafa man zafi, in naɗe shi da ƙyalle, in ci gaba. Haka nake shiga gidanmu in gaida su Baba da ƙyallen a hannu, ba a taɓa cewa me ya same ni ba.

Autanmu kuwa an haife shi ina budurwa, a bayana ya girma. Ni na fara ganewa. Yana zaune a cinyata na miƙa masa ludayi, sai ya kawo hagu. Na tausaya masa, na san abin da ke jiransa. Na yi ta zuba ido in ga ranar da za a karɓi kallabin Inna. Ranar ba ta zo ba. Abinci kam an koya masa ci da dama, wannan ba a wasa da shi, amma da ya fara rubutu da hagu Baba ya leƙa littafin ya ce, "A bar shi, halitta ce."

Halitta! To ni fa, ƙera ni aka yi a maƙera? Ban faɗa ba, amma tun ranar maganar ta tsaya mini a rai.

Yanzu auta yana jami'ar garin nan, yana karatun kwamfuta, sauran lokacinsa kuma ya ƙare a gem, wato wasan kwamfuta. Ba irin na waya ba, irin wanda ake sa abin ji a kunne, ana harbe-harbe da wasu samarin da ke can wasu garuruwan, ana ihu kamar an ga ɓarawo. Wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida, ya fito yana yarfa hannu yana tsaki.

Baba ya ce, "Lafiya, auta?"

Ya ce, "Wallahi Baba maus ɗin nan ne. Na masu dama ne, an karkatar da shi. Madannan da ya kamata su zo ƙarƙashin babban yatsa, ni a ƙaramin yatsana suke zuwa, sai in yi ta danna su ba da niyya ba. Ga wuyan hannuna har ya fara ciwo."

Baba ya ajiye rediyonsa. Ya kama hannun yaron nan, hannun hagu, ya juya shi, ya ɗan matsa nan ya ɗan matsa can, yana tambaya, "Nan ne? Ko nan?" Ni ina gefe a kan kujera 'yar tsuguno, nawa hannun yana kan gwiwata a naɗe da ƙyalle, warin man zafi ya cika wurin. Na ɗan ɗaga shi na gyara ɗaurin, ko Allah zai sa a gani. Inna ce kawai ta ce in matsa da warin nan, yana sa ta atishawa.

Auta ya ce wani abokinsa ɗan Filato yana da wani iri da ake daidaita shi yadda hannun mutum yake so, dama ko hagu. Baba bai tambayi tsadarsa ba, bai ce gem ai ba karatu ba ne. Cewa ya yi a yi oda.

Ranar Juma'a, ran kasuwar garinmu, aka ba direba shi daga Kano. Wanda ya san Wudil ran kasuwa ya san yadda hanya take, manyan motocin shanu sun toshe ko'ina tun daga gada. Baba da ciwon gwiwarsa, shi da kansa ya tafi tasha ya karɓo, wai kada a jefar da kwalin a ƙasan kaya. Bayan an sauko daga masallaci ya aika gidana: a kira waccan, ita ta san kan irin waɗannan abubuwan.

Na zo na tarar an shimfiɗa darduma, an ɗora kwalin a tsakiya kamar kayan lefe. Na buɗe. Gaskiya abin ya haɗu, kuma haɗuwar tasa ce ta fi ɓata mini rai. Gefensa biyu cirewa ake yi, maganaɗisu ne ke riƙe da su, sai ka ji ƙas sun kama. Akwai gefe mai ɗan fiffike da babban yatsa zai kwanta a kai, da madannai a jikinsa, kuma ana iya sa shi ta kowane ɓangare. Bayansa ana ja ya ƙara tsawo, ana tura shi ya gajarce. Tudun da tafin hannu ke hawa yana da ɗan noti, in ka murɗa ya tashi, in ka warware ya sauka. A cikinsa akwai wani ɗan aljihu da ake jera ƙananan ƙarafa masu kama da kwabbai, mai son nauyi ya ƙara, mai son sauƙi ya rage. Har saurin 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfuta yana da madanninsa. Ga wata fitila da ke canza launi, wadda har yau ban ga amfaninta ba.

Na ce wa auta ya ɗora hannu. Na mayar da fiffiken ɓangaren da babban yatsansa yake, na ja bayan har ƙarshen tafinsa ya zauna, na shiga kwamfutar na musanya madannin dama da na hagu. Baba yana tsaye a kanmu yana ba da umarni, shi da ko kunna kwamfuta bai iya ba.

"Ke, a ɗan ɗaga masa tudun nan. Kin ga yatsunsa sun lanƙwashe."

Na ɗaga.

"A rage ƙarfe ɗaya, kada ya yi masa nauyi."

Na rage. Ina murɗa noti ina tunani, wato a wata ƙasa mai nisa wasu mutane da ba su san mu ba sun zauna sun yi shawara a kan hannun bahago, yadda za a yi kada ya wahala. Ga Baba kuma yana taya su. Kishi ya kama ni, kishi sosai, irin wanda ke sa yawu ya yi ɗaci. Ina da 'ya'ya, ina da shago, amma a kan dardumar nan ji na yi ina son in fizge abin in ce nawa ne.

Auta ya gwada, ya yi wani juyi da hannu, ya saki dariya. "Kai! Yaya, Allah ya bar mana ke. Kamar a hannuna aka zuba shi." Sai ya jawo tsohon nasa, mai karkata ɗin nan, ya ajiye mini a cinya. "Ki tafi da wannan shago, ya fi naki. Ke ai kin huta, Yaya, ba ki san wahalar bahago ba."

Bai sani ba. Ni na goya shi, amma babu wanda ya taɓa gaya masa. Na dubi Baba, ina jiran ya ce wani abu, ko da "ai ita ma da haka take". Baba ya duƙa yana tattara ledojin kwalin, yana ninke su ɗaya bayan ɗaya.

Na bi Inna madafa ina huci. Ta dube ni ta ce, "Wai ke kishi kike da ƙaninki? Gandamemiya da ke?"

Na ce, "Eh, kishi nake, Inna. Da kallabinki aka ɗaure ni."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe ban manta ba, ta ce in miƙo mata gishiri. Na tafi da tsohon maus ɗin, don ya fi nawa ɗin da gaske, kuma hannuna ya ɗan samu sauƙi. Hakan ma haushi ya ba ni.

Abin da nake so ba maus ba ne, na san wannan. So nake Baba ya faɗa da bakinsa, sau ɗaya, cewa ni ma halitta ce.

Bayan 'yan makonni na shiga gidan da la'asar. Auta ya tafi lakca ya bar ɗakinsa na zaure a buɗe, kwamfutar a kunne, fitilar maus ɗin tana ta canza launi ita kaɗai. Na leƙa tsakar gida, ba kowa. Na shiga na zauna a kujerarsa, na ɗora hannuna na hagu.

Ya zauna daram. Ya ɗan yi mini girma, amma babban yatsana ya sami fiffiken ya kwanta, tafina ya hau tudun. Ban taɓa taɓa wani abu da aka yi domin wannan hannun ba. Na ce to bismilla, bari in buɗe ko da hoto ɗaya ne. Na tura, kibiyar ta tsere can ƙuryar sama. Na jawo, ta wuce ƙasa. Na rage mata sauri, duk da haka sai rawa take yi, tana kewaye abin da nake nufi kamar akuyar da ta ƙi shiga turke. Na zo dannawa, yatsan da ba shi na aika ba ya danna. Na sake, na sake. Hannun da rula ta sha fama da shi kafin ya saki fensir, yau ga shi an ba shi dama ya rasa yadda zai yi.

"Ya ƙi ko?"

Baba ne a bakin ƙofa, ya dawo daga bakin gada da ledar soyayyen kifi a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Da can da na miƙe na sunkuyar da kai, amma ranar ban cire hannuna ba.

Na ce, "Baba, ni aka ɗaure. Shi kuma aka saya masa wannan. Me ya sa?"

Bai dube ni ba, dama ba ya dubana in zai yi magana mai nauyi. Bango ya duba.

Ya ce, "Lokacinki ina da ƙarfi. Duk gajiyar da na kwaso daga ofis sai na zauna a kanki, ban taɓa fashi ba. Shi wannan ya zo na riga na gaji. Na kasa yi masa abin da na yi miki, abin yana damuna, shi ya sa nake lallaɓa shi da irin waɗannan tarkacen." Ya nuna hannuna da haɓa, fuskarsa ta saki, irin sakin da take yi in ya ga gero ya yi kyau. "Ke kam na gama miki aiki. Dubi, ko motsin kirki ba ya iya yi. Alhamdulillahi."

Ashe duk shekarun nan da nake ganin an fifita auta, shi a wurinsa ni ce wadda aka yi wa gata.

Ya miƙo ledar. "Ungo, ki kai wa yara."

Kafin in yi wani tunani hannuna na dama ya riga ya tafi. Na hagun ya saki maus ɗin da kansa, ya bi shi, ya tallafe shi ta ƙasa yadda aka koya masa.

Baba ya ce, "Madalla."