Donat Sawu-Ɗaya

Idan ƙanƙara ta narke a tafkunanmu na arewacin Kebek, baƙin ƙuda ne ke fara fitowa, sai sauro, sai ɗan kawuna Donat Lavoie da jan kwalekwalensa. Ya yi aiki a injin yanka katako har kunnensa ɗaya ya mutu, amma in ka tambaye shi sana'arsa, tuƙin kwalekwale zai ce maka. Da hutu ya zo sai ya kwashi matarsa Noella, da tanti, da fulawa da wake, su shige daji. Tafki ya miƙa su ga kogi, kogi ya miƙa su ga tafki, sai bayan makonni su ɓullo a gadar jirgin ƙasa, sun rame har filafilinsu ya fi su ƙiba.

To, ruwan nan ba a haɗe yake duka ba. Inda ya ƙare, dole a sauke kaya a ratsa tudu da ƙafa zuwa ruwa na gaba. Masu hankali sawu biyu suke yi: su kai jakunkuna, su dawo su ɗauki jirgi. Donat kuwa sawu ɗaya. Sai ya goya jakar da ta kai maraƙi nauyi, ya cilla jirgin sama ya kife shi a ka, ya miƙe hanya ba ya ganin komai sai takalmansa. Masu sawu biyu 'yan shan iska yake kiransu, har limamin cocinmu bai tsira ba. Sunan ya bi shi, ko a kantin ƙusa Sawu-Ɗaya ake ce masa, shi kuma yana amsawa kamar an naɗa shi sarauta.

Bara kafaɗarsa ta dama ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bai gaya wa kowa ba. Noella ta lura da hagu ya koma ɗaga kofin shayi, amma haka suka tafi.

Tafiyar ba ta yi musu daɗi ba. Iska kullum a gaba take, ruwan sama ya jiƙa tanti bai sake bushewa ba, kifi ya yi yaji, sai wake da safe, wake da rana. Sauro kuwa, in ji Noella, layi yake yi a wuyan Donat kamar ranar biyan albashi. Ba su cika magana ba, don maganar ma ƙarfi take ci. Haka suka ja jiki har doguwar hanyar da ke ratsa fadama, wadda kowa ke tsoro.

Donat ya goya jaka. Jirgin da yake cillawa sama a da, yau sai da ya jingina shi da itace ya rarrafa ƙarƙashi. Ya yi tafiya mai ɗan dama. A tsakiyar fadamar taɓo ya riƙe masa ƙafa, kafaɗar ta saki, ya durƙushe, jirgin ya rufe shi ruf kamar an kife kaza da kwando.

Noella ta iso tana haki, ta ƙwanƙwasa bayan jirgin.

"Tsoho, kana gida?"

"Hutawa nake yi," in ji murya daga ciki.

Ta ɗaga gefe ɗaya, ta ce in ya gama hutawa ya kwance jakar, a dawo a ɗauke ta daga baya. Ya rantse gara a binne shi a nan da a ji a garinmu Belleterre ya yi sawu biyu. Ta ce ba ta zo da shebur ba. Sannan ta sauke nata kayan cikin taɓon, jakar abinci da tukunya da gatari da filafilai, ta zauna a kansu.

"Duba nan, Donat. Sawunka ɗaya a bayana yake tafiya. Duk abin da bai shiga jakarka ba ni ke ɗauka, ina binka da sassarfa don kar sunanka ya ɓaci. Gwiwoyina sun ƙare. Ko mu yi biyu, ko baɗi ka zo kai kaɗai."

Ya juya mata mataccen kunnen, amma ya ji. Ya dubi tulin da take zaune a kai, ya daɗe yana dubawa, ƙudaje na shagali a goshinsa. Shi dai bai taɓa ganin kayan nan a bayanta ba, kansa na cikin jirgi.

Ya kai hannun hagu ya kwance maɗaurin jakar.

Ba biyu suka yi ba, uku suka yi, don jirgin ma sai da suka kama shi su biyu. A dawowar farko ya tambaye ta me za a ce a gida. Ta ce ba ta da ƙarfin ba da labari, ya ji da abinsa. Ya bi bayanta cikin taɓo ba kaya ba jirgi, kafaɗa a karkace, bai san inda zai sa hannuwansa ba.