Ranar Da Na Hau Trotro Da Kyanwa A Kwando

Shekarun baya, ina haya a wani gidan yawa a unguwar Maamobi, ina da kyanwa fara mai baƙin kunne. Ita ke tsare mini buhunan gero daga ɓeraye, don koko nake damawa ina sayarwa. Kawai sai bakinta ya fara wari. In ta yi hamma a tsakar gida, har masu alwala sai sun waiwayo. Ta daina taɓa kan kifi, yawu na zuba, tana ta ramewa.

Magajiyar gidan ta kira ni ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, an yi wa dabbar wani abu, in kai ta babbar gwata in yar. In ba haka ba, in nemi wani ɗaki.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ɗakin naki ne, amma kyanwar tawa ce."

Washegari na sa ta a kwando na hau trotro, motar haya, zuwa wurin likitan dabbobi. Tana kuka, fasinjoji na toshe hanci, wata mata na zagina da yaren Ga tana zaton ba na ji. Na kafe ido a taga kamar matar minista.

Likita ya buɗe bakinta ya nuna mini: dasashi ya kumbura ya yi ja, haƙora biyu sun ruɓe. Ya sa mata maganin barci ya cire su, ya kankare dattin da ya daskare a sauran. Ya ce in riƙa goge mata da ƙaramin buroshi mai laushi, kada in kuskura in sa man goge baki na mutane, yana cutar da kyanwa.

A tsakar gida nake gogewar, da gangan, gaban kowa. Ta yakushe ni ba adadi. Aka sa mini suna mai yi wa kyanwa asuwaki, na amsa. Warin ya tafi, ta murmure, Magajiya kuma ba ta sake ta da zancen ɗaki ba.

Kyanwar ta tsufa a hannuna kafin ta mutu. Har yau ana tsokanata da sunan nan a layinmu, ban kuwa taɓa jin kunyarsa ba. Ciwo take ji, ba ta da bakin faɗa, ni kaɗai take da. Da za a maimaita, motar nan zan sake hawa, a kujerar gaba ma.