Linkin da Ban Buɗe Ba

Shekara ashirin ke nan da rasuwar abokina Malam Hamisu, malamin lissafi a wata sakandare a Gummi, kuma har yau ina jin kunyarsa. Unguwa ɗaya muka tashi, tare muka koyi rubuta manhajar kwamfuta daga wani tsohon littafi marar bango. Ni aiki ya kai ni Kaduna, shi ya zauna gida.

Hamisu ne ya buɗe mana zauren imel inda masu wannan sana'a ke tambayar juna in aiki ya cije. Doka ɗaya ya kafa. Duk wanda zai saka linki, wato adireshin wani shafi na waje, sai ya rubuta abin da ke cikin shafin, ko da layi uku ne. Wanda ya jefo linki tsirara, Hamisu zai bi shi da tambaya a gaban kowa: "Malam, mi ke ciki?"

Mu na birni mun ɗauke shi mai tsaurin kai, alhali yana da dalili. A lokacin ko sabis ɗin waya bai kai Gummi ba. Ran Asabar yake shiga mota zuwa Gusau, ya kwafe saƙonnin mako a faifai, ya koma ya karanta a kwamfutar makaranta. Haka 'yan zauren da ke Anka da Bukkuyum suke yi. Mutum ya jira amsa kwana bakwai, ya tarar da adireshin da ba ya iya buɗewa, sai ya ƙara jiran wasu bakwai. Na san duk wannan, don a can aka haife ni.

Wata rana wani ma'aikacin lafiya daga Bukkuyum ya yi tambaya, na tura masa linki ba ko sallama. Hamisu bai ɗaga mini ƙafa ba, ya yi mini tambayar da yake yi wa kowa. Raina ya ɓaci. Na rubuta cewa zaure ba ajin firamare ba ne, wanda ba ya iya buɗe shafi ya koma wa alli da allo. Na nemi a jefa ƙuri'a, mu na birni muka fi yawa, aka soke dokar. Amsarsa layi ɗaya ce: "To, Allah shi ba mu alheri." Daga nan bai ƙara rubutu a zauren ba, ni ma ban neme shi ba.

Daga baya na ji bai daina zuwa Gusau ba. Yakan zauna ya buɗe linkunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya taƙaita su a takarda, ya ba direbobi su kai Anka da Bukkuyum. A hanyar dawowa, wata Asabar, motarsu ta kife.

Wani ɗan zauren ya ga labarin a shafin wata jarida, da sunayen mamata a ƙasa. Ya turo linkin kamar yadda muka saba, ba kalma ɗaya a kansa. Na gan shi a cikin tarin wasu, na wuce. Sai da na yi kwana takwas ina share tsofaffin saƙonni na danna shi. An yi jana'iza, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ina Kaduna ina harkokina.

Yau kowa na da waya a Gummi. Zaurukan masu manhaja sun yi yawa, linki na zuba kamar ruwan Agusta, har wasu sun hana sakawa gaba ɗaya saboda 'yan talla da 'yan damfara. Ana ta jayayya: a hana ko a bari. Na tabbata da Hamisu na da rai, ba zai shiga kowane ɓangare ba. Bai taɓa ƙin linki ba. Abin da ya ƙi shi ne ka aika wa mutum abu ba ka tsaya ka tuna halin da yake ciki ba. Wannan darasin kaɗai ya bar mana, kuma ban ga ya tsufa ba.

A wancan lokacin, da na isa gidansu bayan na ga labarin, mahaifiyarsa tana zaune a kan tabarma, 'yan gaisuwa sun watse. Ta daɗe tana kallona.

"Kai na, Bashiru? Kwana da kwanaki muna dubin hanya. Na ce masu ba ka ji ba, da ka ji da ka taho tun ran farko."

Na ce, "Ban ji ba, Inna."

Ta sa mini albarka, ta ce Hamisu bai taɓa faɗin sunana da mugun abu ba. Ta rayu shekara shida bayansa, ina zuwa gaishe ta kowace Sallah, kuma har ta koma ga Allah ban iya gaya mata cewa an aiko mini tun ran farko ba.