Shirun Marka a Bayan Rumbu

Marka mai daddawa ta Sanyinna 'yar gaba ce, kuma ba ta taɓa musun hakan ba. Idan aka ɓata mata rai ba ta zagi, ba ta kai ƙara wajen kowa. Tabarmarta take naɗewa ta zagaya bayan rumbu, ta jingina, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Daga nan ko sallama aka yi, a zuci take amsawa. A kai mata tuwo ya bushe a kwano. Sai ranar da ta ga dama za ta tashi ta kakkaɓe zane, ta ci gaba da magana daga inda ta tsaya. Liman ya yi mata nasiha, ƙannenta sun yi, ta ce ita haka Allah ya yi ta, wanda bai iya zama da ita ga hanya nan.

Mijinta Ɗangiwa, manomin gero da dawa, ya daɗe da koyon darasi. A farkon aurensu yakan bi ta bayan rumbun yana lallashi, sai abin ya ƙara tsawo. Da ya gane, ya kafa doka a gidan: idan Marka ta shiga shiru, kada wanda ya tanka mata. 'Ya'yanta sun tashi a kan wannan doka. Hamdiya, matar ƙaramin ɗanta, tun tana amarya aka karanta mata ita.

Ban da wannan hali, mace ce mai aiki. Daddawarta har Dogon Daji ake aikowa a saya. Ita ke dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta zuba a kwando ta lulluɓe da ganye da tsumma, kuma ba a buɗe kwandon nan sai hancinta ya ce ta nuna. Taba gari kuma ba ta rabuwa da ita a ƙasan leɓe, tun tana ƙuruciya.

Ciwon ya faro ne da wani ɗan gyambo a gefen harshe, ta hagu. Ta sa kanwa, ta sa zuma, ta kuskure da jiƙon bagaruwa. Da ƙullutu ya fito mata a wuya har haɗiyar koko ta zama aiki, babban ɗanta Siddiƙ, wanda ke koyarwa a Tambuwal, ya ɗauke ta zuwa Sakkwato. Aka ce ciwon daji ne. Aka yanke abin da za a yanke, aka yi ta gasa wuyan da na'ura har fatar ta yi baƙi ta yi tauri kamar ƙirgi. Ta dawo gida da karkataccen baki da magana mai nauyi, amma ta dawo da ƙafarta.

Ranar da aka sallame ta likita ya ja wa Siddiƙ kunne. Ya ce irin wannan ciwo da irin wannan gashi sukan ƙuntata jijiyoyin wuya masu kai jini kai, don haka masu shi sun fi sauran mutane kusa da shanyewar ɓarin jiki. Idan hannu ya mutu, ko magana ta ɗauke farat ɗaya, kada a jira gobe. Siddiƙ ya tara mutanen gida a tsakar gida ya maimaita musu.

Ɗangiwa ya yi dariya har da buga cinya. "In dai duk sadda uwakka tay yi shiru za mu tahi Sakkwato, ai gara mu kwashe kaya mu koma can."

"Baba, ba wasa nika ba."

"Awo, na jiya. Kai dai ba ka kai ni sanin ta ba."

Marka ma ta yi dariya, da ɓarin bakin da ya rage mata. Ta ce, "Ƙyale shi, Siddiƙu. Tsoho na, hankali ya hwara tahiya."

Shekara ta zagayo, ta koma kan daddawarta. Tabar dai ta bari, don bakin ba ya iya riƙe ta.

Wata safiya a farkon bazara Hamdiya ta ɗaga tsumman kwando don ta ga ko kalwa ta nuna. Marka ta fito daga ɗaki ta kama ta hannu a ciki. Ta dube ta, ta ce, "Ɗiyar nan, wa ya aike ki?" Ba ta ƙara ba. Ta ɗauki tabarma da faifan wata kalwar da za ta shanya, ta zagaya bayan rumbu. Ranta ya ɓaci, gaskiya ne, amma ba wani ɓaci mai yawa ba. Niyyarta ta bar yarinyar ta ɗan ji tsoro zuwa azahar.

Tana cikin baza kalwa sai ta ga hannunta na dama ya kwanta a kan faifai ya ƙi tashi. Ta dube shi kamar na wani. Ta ce bari ta kira Hamdiya, sai ta nemi sunan ta rasa. Ta san yarinyar, ta san fuskarta, tana jin ƙarar taɓaryarta a bayan rumbun nan, amma sunan babu. Ta buɗe baki, wani gurnani ya fito wanda bai wuce mayafinta ba. Ta tuna maganar Siddiƙ sarai. Ta yunƙura, ƙafar dama ta ƙi, ta koma ta jingina da rumbu, daidai yadda ta saba zama.

Da hantsi Hamdiya ta kawo koko. Ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ni ƙarawa." Marka ta zuba mata idanu, tana roƙonta da su ta ɗago. Yarinyar ba ta ɗago ba, don an koya mata ba a kallon surukuwa cikin ido, balle tana fushi. Ta ajiye kwano da butar alwala ta tafi.

Da Ɗangiwa ya dawo daga sharar gona ya leƙo. Ya ga baki a karkace, miyau na zuba, amma bakin ai dama a karkace yake. Ya ce, "Hajiyar bayan rumbu, an koma ofis ke nan? To, a sauka lafiya." Ta ɗaga hannun hagu ta bugi tabarma. Ya ce, "Na tahi, na tahi, ba sai kin kore ni ba."

Inuwa ta gushe, rana ta hau kanta. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Fitsari ya kufce mata, ta ji ɗuminsa a ɓari guda kawai.

Akuya ce ta tona abin. Hamdiya ta zo ɗaukar kwano ta tarar da ita ta sa kai a faifan kalwa tana ci, ƙafarta ɗaya a kan zanen Marka, Marka kuwa ba ta ko jefe ta da takalmi ba. Sannan ta ga buta a cike inda ta ajiye ta. Da mutane Marka ke gaba, ba ta taɓa haɗawa da salla ba. Yarinyar ta yaye mayafin, ta kurma ihu.

Aka nemo mota zuwa Tambuwal, daga can aka ce a wuce Sakkwato. Likita ya tambaya tun yaushe maganar ta ɗauke. Ɗangiwa ya ce tun safe. Ya tambayi abin da ya hana a kawo ta. Ɗangiwa ya sunkuyar da kai, Siddiƙ ya fita waje.

Ta dawo a kwance. Hannun da ƙafar ba su sake tashi ba, kwandunan daddawa aka ba maƙwabta. Hamdiya ce ke juya ta, ita ke wanke ta, kuma kullum sai ta nemi gafara har Marka ta gaji da ji. Ɗangiwa ya daina zaman majalisa. Yakan zauna a bakin ƙofarta yana ba ta labarin gona, ko tana so ko ba ta so.

Magana ta ɗan dawo mata cikin damina, kalma kalma, da ƙyar. Marka ba ta kai kaka ba, ta rasu. Kafin nan, wata ranar Juma'a da Siddiƙ ya zo, ta yi ishara a tara kowa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce a yafe mata ba. Ta daɗe tana kokawa da harshenta, suna jira, sannan ta ce, "Kowa yay yi shiru gidanga, a tahi a tone shi. A buɗe mai huska. Ko zagi na, a tsaya sai ya yi."