Sakatar Aro

Bindigar ta mahaifina ce, da lasisinta, tun yana aikin gandun daji. Da ya rasu sai ta dawo hannuna. Ni tela ne a Gwarzo, amma da rani nakan bi 'yan farauta, da damina kuma in kori birai daga gonarmu ta Getso.

A zamanin tsuke bakin aljihu sakatarta ta tsage, wato ƙarfen nan da ake turawa ya danne gindin harsashi kafin a ja kunama. Sabuwa kuwa ko a Kano babu. Sai na kai ta Kabo wurin wani mai gyara, abokin mahaifina, wanda nake ce wa Baba. Ya lalubo sakatar wata matacciyar bindiga cikin tarkacensa, ya goge ta da mai, ya zura. Ta shige sumul.

Sumul ɗin ne bai kwanta mini a rai ba. Duk mai riƙe bindiga a wajenmu ya san sakatar aro sai an gwada ta. Akan manna 'yar takarda a gindin kwanson harsashi, a sa, a rufe. In sakata ta cije, lafiya lau. In ta rufe babu gardama, to akwai rata tsakaninta da harsashi, kuma ta ratar nan wuta ke dawowa fuskar mai harbi. Bayan haka mai gyara ya ɗaure bindigar a bishiya, ya ja kunama da igiya daga nesa.

Na ce, "Baba, ba za a sa takarda ba?"

Ya ɗago ya harare ni. "Ni za ka koya wa aiki? Ran sunanka ni na feɗe ragon. Wallahi ta fi ta asali."

"To ko a ɗaure ta a bishiya…"

"Da tsadar harsashin nan? Ɗauki abarka ka kama hanya."

Dattijo ya rantse, kuma abokin uba. A wajenmu in ka gwada bayan wannan, ka ƙaryata shi ke nan. Na ɗauki rantsuwarsa a bakin gwaji, na rataya bindiga na dawo gida.

Harbin farko a gona kwanson ya fashe. Ko ƙarar ban ji ba, sai dai wani zafi kamar an watsa mini tafasasshen mai. A nan idona na dama ya tafi. Masu kawo mini aikin wuyan riga suka janye da ɗaiɗaya, na koma facin wanduna. Baba ko dubiya bai zo ba. Saƙon da ya iso mini shi ne wai ni na sa ruɓaɓɓen harsashi. Wannan maganar ta fi rashin idon ci mini rai.

Da aka kawo Shari'a na fi kowa murna, kuma ba don yawan tsoron Allah ba. Idon Baba nake so. Malamin unguwarmu ya ce babu ƙisasi a kuskure, sai dai diyya. Ni kuwa ba ita nake nema ba.

Ana nan sai Baba ya samu kujerar Makka, ya shiga zagayen neman gafara gida-gida kamar yadda maniyyata ke yi. Wata rana da hantsi ya iso shagona tare da liman. Ya tsufa sosai. Aka gaisa, aka tambayi iyali da aiki, har da gajiya. Sannan ya tsugunna a gaban kekena.

"Ɗana, abin da ya wuce ya wuce. Ka yafe mini, a bar wa Allah."

Na ce, "Harsashin ne ruɓaɓɓe, Baba?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Sakatar ce. Tun da ta shige na ji ta yi sako-sako."

Ashe ya sani.

Na ce, "Ka ce a bar wa Allah. Na bar masa. Amma ban yafe ba, a gabansa za mu ƙarasa maganar."

Liman ya yi salati, ya yi ta ba ni baki. Baba ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ni kuwa na ci gaba da taka kekena.

Bai dawo daga Makka ba, a can aka binne shi. Duk Kabo aka yi ta cewa ya dace, har wasu suka zo suna roƙona in yafe wa mamaci. Na ce musu ina sauraron ranar da za mu haɗu.