Abin da Ke Cikin Akwatin Baba

Kwana huɗu da rasuwar Baba muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, a gidanmu na unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki. Ni na fasa kwaɗon. A ƙarƙashin haraminsa muka tarar da wani abu mai nauyi naɗe da tawul.

Mutum-mutumi ne na tagulla, tsawon kamu guda. Daga ƙugu zuwa sama mutum ne mai gemu, ya ɗana baka. Daga ƙugu zuwa ƙasa doki. Tsufa ya sa ya yi kore-kore. Baba ya daɗe yana tuƙa wani attajiri mai tara irin waɗannan kayan ado na ƙasashen waje, ina jin shi ya ba shi. Bai taɓa gaya mana ba.

Umma ta zauna daɓas a ƙasa.

"Gunki? A ɗakin da ya cika? Ya waladi, ɗana, ashe mala'ikun rahama ba su shigo masa ba."

Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba, a nan ma ban ji komai ba. Nauyin abin kawai nake ji a hannuna. Umma kuwa ta daina cin abinci. Wata maƙwabciya ta ce mata idan aka sare kan, ya tashi daga siffa, ya zama ƙarfe.

Da hantsi na kai shi wurin wani mai walda, dattijo, Bahaushen Sudan. Ya jujjuya shi, ya shafa jijiyoyin ƙafar dokin da babban yatsa.

"Ɗana, wannan ya girmi kakanka. A Jidda akwai masu nemansa ido rufe. Ka tabbata?"

"Yanke kawai, Baba."

Ko minti biyu bai ɗauka ba. Ashe cikinsa holoƙo ne, sai baƙar ƙasa da ta zubo. Na tsaya ina kallon tartsatsi kamar mai jiran mota.

Na ajiye guntayen biyu a gaban Umma. Ta daɗe tana duban wuyan.

"Halas, shi ke nan? Yanzu an yafe masa?"

Ni ba malami ba ne, kuma ban san a kan wa laifin yake ba. Na ce, "An yafe, Umma."

Ta ce in miƙo mata ruwa. Ta shanye kofin, ta ce in ƙaro.