Sammani Tela da Fuskar Inna Yakaka

Sammani tela ne a Fagge. Rumfarsa na kan hanyar Kantin Kwari, kuma duk wanda ya sayi yadi yana so a ɗinka masa kafin Juma'a, wajensa ake tura shi. Ɗinkinsa ba shi da aibi. Halinsa ne mai wuya: in ya ƙulla abu a ransa, sai dai jama'a su yi haƙuri. Tare muka tashi, katanga ce kawai tsakanin gidajenmu, kuma har yau ina shiga gidansu gaida mahaifiyarsa, Inna Yakaka, kamar ɗan gida. Ni akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa kusa da tashar jirgi, saboda haka duk abin da ya shafi takarda a unguwa, kaina yake faɗowa.

Yana da ƙanwa, Fanta, wadda ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa tun da daɗewa. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna can suna aikin auduga. A shekarar 1954, jim kaɗan bayan Babbar Sallah, wani alhaji da ya biyo ta garinsu ya kawo saƙonta: ta fara manta kamannin Inna, don Allah a aika mata da hoto.

Na raka Sammani Sabon Gari wajen Celestine mai hoto.

"Kawo tsohuwa," in ji Celestine. "In zaunar da ita gaban labulen nan mai zanen jirgin sama, kafin ka shanye lemo an gama."

"Inna a Sabon Gari? Ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai gaisuwar rasuwa."

"To ni in je."

"Ka shiga ina? Gidan matan aure ne."

Celestine ya yi dariya, ya jawo wata tsohuwar kyamara baƙa mai siffar akwati. Ya nuna mana yadda ake riƙe ta a saitin ciki, a sunkuya a duba wani ɗan gilashi da ke samanta, sannan a danna.

"Kowa zai iya," ya ce, "ban da tela. Na ba ka shekara, Sallah zuwa Sallah. In ka kawo mini fuskar tsohuwa da ido biyu a ciki, kyamara ta zama taka. In ka kasa, ka ɗinka mini babbar riga, in yi Kirsimeti a Alhaji."

Sammani ya miƙa hannu suka tafa, ni kuwa na san ya ɗauko wa kansa aiki. Sammani ɗan fari ne. Iyayen Inna daga Barno suka zo, amma a Kano ta girma, ta kuma riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. In ya tsuguna gaisuwa, bango take amsa wa.

A hanyar gida na ce masa, "Ba ni akwatin. Ni Inna tana kallona ido da ido. Gobe in danna sau ɗaya, mu huta."

"Fanta ni ta aiko wa, ba kai ba."

"Ai fuska take so, ba sunan mai dannawa ba."

"Malam, kai dai ka karanta mini takardar bayanin da ke cikin jakar kyamarar."

Na karanta masa ita tsaf, na maimaita. Fim na farko, ya buɗe bayan akwatin da tsakar rana don ya ga ko hoton ya shiga. Na biyu, babban yatsansa ne ya fito, daga kusurwa daban-daban. Sai ya ce yana bukatar gwaji, ya koma kan mutanen unguwa. Cikin 'yan watanni ya tara hotunan jama'a marasa kai, riguna dai tsaf, har ana iya ganin aikin wuya, domin idon tela a kan ɗinki yake sauka. Wata rana ya manta bai murɗa fim ba, hoto ya hau kan hoto, Abdulgani mai shayi ya fito da jaki tsaye a ƙirjinsa. Abdulgani ya daina gaishe ni, ni da ban san lokacin da aka yi ba.

Da yake ba na iya ganin takardu a warwatse, ni na riƙa adana hotunan. Na ware ambulan na marasa kai, da na masu yatsa, da na waɗanda suka fito baƙi ƙirin. Na Inna na daban ne. A ciki akwai ƙeya, akwai kunne, akwai gefen ɗankwali, akwai tafin hannu da ya rufe komai. Fuska babu.

Kowace Juma'a bayan masallaci haka za a yi. Ya shigo tsakar gida ya tsaya ƙiƙam, ya daidaita akwati, ya ɗago kai ya ce, "Inna, ɗan dubo nan!" Ita kuma ta juya ta ce wa matarsa Huseina, "Ki ce wa wancan ya ɗauke mini akwatin nan daga gaba." Ya sa Huseina ta saki tasa a bayansa ko Inna za ta waiwayo. Inna ta dubi ƙasa ta yi salati. Ya ɓuya bayan randa, ta ce tun daga zaure take jin warin man keken ɗinki. Duk wannan ana yi, yadina na Ƙaramar Sallah na rataye a rumfarsa ba a ko yanka ba. Da tsohuwar riga na je idi.

Gaskiya dai, bayan nan na ga canji, ko da yake ban so in yarda ba. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, sai ga shi zaune bakin tasha tun hantsi yana jiran rana ta zagayo bayansa. Ya daina yi wa mutane tsawa su tsaya cak. Ya gane in ya yi shiru mutane sukan manta da shi, sai fuskarsu ta saki. Kawuna suka fara dawowa kan kafaɗu. Ya ɗauki wani ɗan dako yana dariya da buhu a ka, Celestine ya daɗe yana kallon hoton bai yi ba'a ba. Ambulan ɗin Inna dai yana nan yadda yake, Babbar Sallah kuma tana matsowa. Na sake roƙonsa ya ba ni akwatin. Na tuna masa Inna ta tsufa, Fanta kuma tana jira. Ya ce ya ji.

Juma'ar ƙarshe kafin Sallah na shiga gaida Inna, na same ta a inuwar ɗaki tana kaɗi. Muna cikin hira Sammani ya shigo. Bai tsaya a tsaye ba. Ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ya ɗora akwatin a gwiwa, ya sunkuyar da kai kan ɗan gilashin, bai ce ta dubo ba. Ya daɗe a haka, har na zaci wani abu ne ya lalace. Inna ma haka ta zata. Da ta ga kansa a ƙasa, sai mazarin ya tsaya a hannunta, ta ɗago ido ta zuba masa.

Na san wannan kallon. Tun muna yara nake ganinsa duk lokacin da Sammani ya juya baya zai fita. Bai taɓa zuwa raina cewa shi bai taɓa gani ba.

Yana ganinta a cikin gilashin, amma bai danna ba. Yatsansa na kan maɓallin. Shekara guda ta wahala, ga fuska ta samu, mutum ya tsaya kallo! Na cije leɓe don kada in yi masa ihu in ɓata komai. Can dai na ji ƙas.

Inna ta koma kan kaɗinta. "Huseina," ta ce, "wancan ya rame. A zuba masa abinci."

Da Celestine ya wanke fim ɗin, hoton ya ɗan karkace, an kuma yanke saman ɗankwali. Amma ga ido biyu nan.

"Shi ke nan, ba Alhaji bana," in ji Celestine. "Tela, bari in sa shi a tagar shago, mutane su gani."

"Uwata a taga a Sabon Gari? Wanke mini biyu kawai."

Ɗaya ya sa a aljihu. Ɗayan na naɗe shi tsakanin kwali biyu, na rubuta sunan Fanta da na garinsu, muka nufi tashar mota wajen wani falke da zai yi gabas. A hanya na tambaye shi abin da ya tsayar da shi bai danna da wuri ba.

Ya ce, "Tun ina yaro na ɗauka ba ta son ganina ne."

"Haba Sammani! Kullum haka take kallonka. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka."

"Kai da ka sani, me ya hana ka faɗa?"

Na ce masa ya ɗaga ƙafa kada mota ta tashi. Mun tarar ana ɗaure kaya. Sammani ya karɓi kwalin daga hannuna ya ba mutumin da kansa, ya ce a gaya wa Fanta Inna tana lafiya, kuma shi ya ɗauka.